Sandar Fatsa da Kaskon Wuta

Nagbal, bakin kogin Biringi
Nuwamba 1986

Zuwa ga wanda ba na kama sunansa,

Gaisuwa mai yawa kamar ganyen da yake zuba a tsakar gidanmu tun ranar da ka tafi, wanda ni kaɗai nake sharewa. Kada ka yi dariya, wannan tawa ce, ba a littafi na kwafo ta ba. Ina lafiya. Baba ma lafiya, sai gwiwar nan da take tashi in sanyi ya shigo. Saniya ta rage nono. Kabewa da gauta sun bushe, na rataye su.

Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Baba. Layi biyu ne kawai na tsallake, waɗanda ka cusa tsakanin zafin Kocin da tsadar shinkafa kamar ba wani abu ba. Wato Haji Amin yana so ka zauna a shagonsa na mayafai shekara zagaye, ba lokacin sanyi kaɗai ba kamar sauran mazan garinmu. Ka ce zai riƙa barinka ka zo Sallah. Ni da aka kawo ni gidan nan bara, Sallah ce rabona?

Na ɗan huce da na kai ƙasan takarda. Gaskiyarka ne, baƙin da suke zuwa kamun kifin turawut yanzu ba irin na zamanin Baba ba ne. Mutanen Dilli da Bombai haka suke zuwa hannu rabbana, shikari, wato ɗan rakiyar masu kamun kifi, wanda yake da sandar fatsa shi ake ɗauka ya raka su, ku marasa ita ku wuni a kan gada kuna kallon ruwa. In har sanda ce za ta sa aikin kogi ya riƙe gida ka daina tunanin shagon Haji, to a nemo ta. Ka ce haɗaɗɗiya ta fi ƙarfinmu, amma akwai wani tsoho Matayi a can mai sayar da tsurar sanda, mutum ya ɗaura mata sauran kayan da kansa.

Ka sayi baƙar nan da ka ce ba ta fi alƙalami nauyi ba. Tun da na karanta nake ganinka tsaye a kan dutse da ita, hazo yana tashi a bayanka, baƙi suna tambayar wane ne wancan. 'Yan kunnena na zinariya suna cikin akwati ba sa aikin komai. A littafin da nake karantawa yanzu yarinyar gashin kanta ta sayar, ni kuwa kunne kawai zan bari tsirara.

Taka,
Dilshada

*

Kocin
Disamba 1986

Dilshada,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki shafa wa Baba man mastad mai ɗumi a gwiwa ko da ya ce ba ya so. Ni lafiya lau, sai kewar shayin gishiri. Nan komai sai sun sa masa kwakwa.

'Yan kunnenki su zauna inda suke. Mutumin littafinki ba shi da surukar da za ta duba kunnen 'yarta ranar Sallah. Ni ina da ita.

Na koma wajen Matayi sau da yawa har ya fara ajiye mini kujera. Da can shi yake gyara wa masu gonakin shayi sandunansu a kan tsaunuka. Ya shimfiɗa mini iri uku. Akwai tsohuwa ta gora irin wadda Baba yake yabo, kyakkyawa, amma gaɓarta ta fara buɗewa, kuma in baƙo ya taka ta shi ke nan. Akwai baƙar taki, girafait suke ce mata. Na riƙe ta, ba zan ɓoye miki ba, sai da na ji ba na son ajiyewa. Amma kuɗinta zai cinye duk abin da zan samu a sanyin nan, in dawo gida da sanda tsirara, babu kwarkwaron naɗe igiya babu igiyar kanta. Matayi ya ce, “Ɗana, wa zai riƙe ta, kai ko baƙonka?” Na ce baƙo. Ya ce, “To mutumin da bai taɓa jifa ba zai maka ta a dutse tun kafin azahar. Wannan ba ta yafiya.” Ta ukun ta zaren gilas ce, launin zuma, ta ɗan fi nauyi, ba ta da saurin fushi. Kuɗinta bai wuce ribar mayafi biyu masu kyau ba.

Ita na saya. Da ragowar na sayi zobban da igiya take bi, da mariƙi, da tsohon kwarkwaro mai lafiya, da sabuwar igiya, da 'yar kwalbar man sheƙi. Na naɗe su cikin bargo na ba Rashid maƙwabcinmu, zai taho ganin mahaifiyarsa.

Ga inda maganar take. Haji yana son amsa kafin ƙarshen Fabrairu, lokacin da 'yan sanyi suke komawa gida, don ya san ko zai nemi wani. In na bari sai na dawo sannan in haɗa sandar ta ƙi, na rasa nan na rasa can. Don haka ke za ki haɗa ta. Hannun da yake yi wa mayafi fure da siliki ba zai kasa ɗaure zobe ba. Na zana miki inda kowane zai zauna. Abu ɗaya kada ki manta: kowace sanda tana da bayanta. Ki kafa gindinta a ƙasa, ki ɗan lanƙwasa ta, ki mirgina da tafin hannu. Akwai gefen da za ta zabura ta kwanta da kanta. A kan wannan layin ake jera zobba. Ki kula da tsinin, shi ne ranta.

In ta yi, ki rubuto, in ba Haji haƙuri. In ba ta yi ba, ki faɗa mini gaskiya. Gida ba ya cin hazo.

Baba zai yi faɗa. Ki bar shi ya yi.

Mijinki,
Shaukat

*

Nagbal
Janairu 1987

Zuwa ga mai hana ni sayar da kayana,

Gaisuwa da fatan kwakwa ba ta canza maka hali ba. Muna lafiya. Kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi sun kama sosai, famfo ya daskare, daga kogi nake ɗebo ruwa. Rashid ya iso da kyar, ya ce motarsu na cikin na ƙarshe da suka wuce ramin dutsen Banihal kafin dusar ƙanƙara ta sake saukowa.

Da na warware bargon raina ya ɗan sosu. Launin zuma ka ce, ni launin tsohon haƙori na gani. Amma na saba da ita yanzu, har ina yi mata magana.

Baba ya yi faɗan. Dole na karanta masa layukan da na tsallake a baya. Ya dubi sandar daga nesa, bai taɓa ta ba.

“Wannan bututun kwalba ce sanda?” in ji shi. “Da ita zai tsaya gaban mutane?”

Na ce, “Baba, baƙi ne za su riƙe.”

Ya ce, “'Yar nan, shikari ba ya mallakar sanda. Namu ido ne da raga. Mu nuna wa Sahib, baƙon da ya ɗauke mu, inda kifi yake kwance, ya jefa, mu kwashe masa. Ubana haka ya yi, ni haka na yi har gwiwa ta ƙare. Yau ɗana zai saɓa sanda a kafaɗa kamar shi ne baƙon. Gobe kuma sai ya ce a riƙe masa lema.”

Na ce, “To ya zauna a Kocin ke nan?”

Ya ja kangirinsa, ɗan kaskon wutar nan, cikin feran, babbar rigarsa ta sanyi, ya juya wa bango fuska. Tun ranar in na baje kayan aikin sai ya ce zai je duba saniya. Saniyar nan ba ta taɓa samun kulawa irin ta bana ba.

Na samo bayan sandar. Sai da na yi ta mirginawa ina cewa mijina ya haukace, can sai na ji ta yi tsalle a tafina ta kwanta. Na yi alama da alli. Mariƙi ya shiga daidai. Zobban kuma da silikin aikina na ɗaure su, kore, na sa ɗan ja siriri a bakin kowane. Ba ka ce a sa ja ba, amma ba ka ce kada a sa ba. Zare yana kwanciya gefen zare kamar a mayafi, sai dai wannan mayafin yana mirginawa.

Matsala ɗaya ce. Man sheƙin ya ƙi bushewa. Na shafa shi tun makon jiya, har yau in na taɓa sai ya kama yatsa. Matayinka a ƙasar zafi yake, bai san man nan yana jin sanyi kamar mutum ba. Kusa da murhu kuma toka take sauka a kai. Amma na yi dabara. Me muke yi wa jariri da ƙullun gurasa da ɗan tsako in sanyi ya kama su? Cikin feran muke sa su kusa da kangiri. Na gwada da gindin sandar, ya bushe tsaf yana ƙyalli. Saura rabin sama.

Ka fara shirya kalmomin da za ka faɗa wa Haji.

Taka,
Dilshada

*

Nagbal
Janairu 1987

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Na ƙone tsinin sandar. Jiya da hantsi na zauna da shi cikin feran, kangiri a tsakanin ƙafafuna, na buɗe littafi don in rage lokaci. Ban san sanda ya zame ya shiga garwashi ba sai da na ji wari. Kamar tsawon tafin hannu ya yi baƙi ya lanƙwashe, da na taɓa sai ya ruguje.

Ka ce in faɗa maka gaskiya. Ba ta yi ba, kuma ni na ɓata ta. Na naɗe ta na tura bayan buhun shinkafa. Baba bai sani ba.

Ka yi abin da ya fi wa gida.

Dilshada

*

Nagbal
Fabrairu 1987

Zuwa ga wanda ya yi shiru,

Gaisuwa. Ban san ko gaisuwata tana isa ba. Mai gidan waya ya ce hanyar Banihal a rufe take, wani lokaci a buɗe ta rabin yini wasu motoci su wuce, a sake rufewa. Bai san ko buhun da wasiƙata ta ƙarshe take ciki ya wuce ba. In ya wuce, wataƙila ka riga ka ba Haji hannu, wannan kuma ta zama takardar kunna wuta. Duk da haka ka karanta har ƙarshe. Muna lafiya, har gwiwar Baba, za ka ji dalili.

Bayan abin da ya faru na daina karatu. Na ɗaure littattafan na ɗora a kan rufi. Baba ya lura, don ya saba jin ina shan hanci a kan mutanen da ba su taɓa rayuwa ba. Ran Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar na sa wa shayi gishiri sau biyu. Ya kurɓa, ya ajiye.

“Ina bututun?”

Na ce na ajiye.

“Gidan nan ya yi kwana da kwanaki yana warin ƙonannen danƙo. Hancina bai tsufa ba. Ɗauko.”

Na ɗauko ina kuka. Ya karɓa, karon farko da ya taɓa ta. Ya kai tsinin kusa da taga, ya murza baƙin wurin da farce.

“A kangiri?”

Na ce eh.

“Kina karatu?”

Na ce eh.

“Mutumin littafin ya aure ta a ƙarshe?”

Na ce, “Baba, ban kai wurin ba.”

Ya ce, “Asara biyu ke nan.” Sai ya bi ɗaurin zobban da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan jan. Ya ce in kawo masa ƙaramin zarto da kyandir da ƙaron da yake cikin tsohuwar jakarsa. Ashe ba a kirga tsinin da ya gyara wa baƙi a bakin kogi, wanda ƙofar mota ta datse, wanda doki ya taka. Ya ce na kangiri ne dai bai taɓa gani ba, wannan sai 'yar Nagbal. Ya yanke ƙonannen wurin a hankali yana juya sandar, ya goge bakin, ya ɗumama zoben ƙarshe ya zare shi daga mataccen guntun ya dasa a sabon wuri. Ni na riƙe masa sandar. Zobe na biyu ya matso kusa da yawa, ya sa na kwance na ja shi baya na sake ɗaurewa. Man kuwa ya ce a rataye ta a ɗakin saniya, can akwai ɗumi babu garwashi. Ka ga amfanin yawan duba saniya.

Na tambaye shi ko ta lalace. Ya ce ta rage tsawo ta ƙara taurin kai, kamar shi. Ya ce Biringi ba kamar kogin Lidar ba ce, ruwanmu matsattse ne, rassa sun sunkuyo ta ko'ina, doguwar sanda rabin yininta a kan bishiya take ƙarewa. Ban sani ba ko gaskiya ce ko lallashi.

Shekaranjiya rana ta fito. Na ga Baba ya ɗaura kwarkwaro ya zura igiya, ya tsinki jan ulu daga kwandona ya ɗaure a bakin maimakon ƙugiya. Ya fita bayan gida inda dusar ƙanƙara ta rufe gonar. Na bi shi da bargo.

Ya tsaya yana kallon mariƙin. Ya ce, “Kin san wuyan hannun mutum nawa na riƙe ina koya musu jifa? Kanar-kanar, alƙalai, matan Turawa. Wuyan hannu nake riƙewa. Nan wurin ban taɓa riƙewa ba.”

Jifan farko igiyar ta naɗe a itacen tuffa. Ya faɗi wata kalma da ban san ya sani ba, ni na hau na kwance. Na biyu ta zube a gabansa kamar taliya. Ya ce in daina kallonsa, na juya baya, amma ina leƙe. Daga nan ban san me ya canza ba. Igiyar ta tashi bayansa ta miƙe, ta dawo ta wuce kansa a hankali, ta kwanta a kan farin filin, jan ulun ya sauka a ƙarshe kamar ba ya son ya tashi kowa. Ya sake. Ya sake. Ya nuna mini kwanon kaji can gefen shinge ya ce, “Ga kifin.” Ulun ya sauka a bakin kwanon. Zakara ya zo ya cafke, Baba ya ɗaga sanda, ta lanƙwashe tun daga sabon tsinin har tsakiya, ba ta ce komai ba. Dariyar da ya yi har Rashid ya leƙo ta katanga.

Na shirya maka hazo da dutse a raina, ashe tsoho ne cikin feran da zakara. Ban taɓa karanta wanda ya kai shi ba.

Da muka shigo ya ce in rubuta maka wannan, kalma da kalma: “Sandar ta yi. Wadda ta ɗaure ta ta iya. Ka bar shagon mutane ka dawo kafin a buɗe kogi ga masu kamun kifi. Kuma wannan ta saba da hannuna, in kana so ka nemi taka.”

Yanzu haka tana jingine kusa da shimfiɗarsa. Allah ya sa wannan takarda ta riga bakinka isa wurin Haji.

Taka,
Dilshada

*

Kocin
Ƙarshen Fabrairu 1987

Dilshada,

Bayan gaisuwa. Ina lafiya, yau ma fiye da jiya. Ki gaishe da Baba, ki gaishe da zakara.

Tun wasiƙar da kika ce kin yi dabara ban sake jin komai ba. Kalmar nan ta dabara ta hana ni sakewa. Haji kullum sai ya tambaya, ni kuma in ce ana hanya. Shekaranjiya ya ce Juma'a ce iyaka, akwai ɗan ƙanwarsa yana jira. Na riga na fara lissafin wane akwati zan aiko muku da shi in ban dawo ba.

Jiya ɗan gidan waya ya miƙo mini wasiƙunki biyu tare, buhu ɗaya suka kwana a bayan dutse. Ɗaya mai kauri, ɗaya kamar babu komai a ciki. Na san matata. In tana murna takarda ba ta isarta. Siririyar ta ba ni tsoro, sai na sa ta a aljihu na fara da mai kaurin. Don haka na ga Baba yana kama zakara kafin in karanta wadda kika ce sandar ba ta yi ba. Da na buɗe ta biyun daga baya, wurin da kika ce in yi abin da ya fi wa gida, sai da na fita bayan shago na ɗan tsaya.

Na ba Haji haƙuri. Ya ce kifi ba ya biyan albashi. Na ce haka ne. Ya sa mini albarka, ya ce in sanyi ya dawo wurina yana nan.

Na kai wa Matayi labari. Sai da na zana masa kangiri a takarda kafin ya gane, sannan ya yi dariya har ya yi tari. Yana da wata tsurar ta gilas, gajera, mai ɗan tabo a gindi, ya bar mini ita a kan abin da ba zai hana mu sayen iri ba. Kwarkwaro ɗaya za mu riƙa karɓa-karɓa ni da Baba, in ya yarda. Ki gaya masa baƙo na farko nasa ne, ni zan riƙe raga.

Zan taso da ayarin farkon Maris, in hanya ta bari. Ki tanadi koren silikin, da jan. Ki sauko da littattafanki daga rufi ki gama wancan, ina so in ji ko ya aure ta. Amma ki gama shi kafin in iso da sandar.

Mijinki,
Shaukat